Aska a Wuyan Kyaftin: Labarin Melville da Ya Daɗe Yana Ruɗin Manazarta

Duk namijin da ya taɓa zama gaban wanzami ya san wani ɗan lokaci da ba a cika maganarsa ba. An jiƙa maka gashi, an wasa aska, wanzami ya dafa ƙeyarka ya juya ka yadda ya ga dama, ya ɗaga haɓarka, sanyin ƙarfe ya sauka a maƙogwaro. A wannan lokacin ko kai ne sarkin garin, ranka yana hannun wani, amana ce kawai tsakaninku. A kan wannan ɗan lokaci marubucin Amurka Herman Melville ya gina fage mafi tayar da tsigar jiki a labarinsa Benito Cereno, wanda ya fito kashi uku a mujallar Putnam's Monthly daga Oktoba zuwa Disamban 1855.

Ga yadda fagen yake. Don Benito Cereno, kyaftin ɗin wani jirgin ruwan Sifaniya, yana zaune a kujera. Bawansa Babo, wani ɗan tsurut ɗin mutum haifaffen Senegal, ya jawo ƙyalle mai launi daga ma'ajiyar tutoci ya ɗaura masa a wuya, ashe tutar Sifaniya ce. Baƙonsu, Kyaftin Amasa Delano, Ba'amurke daga jihar Massachusetts, yana gefe yana tambayar yadda aka yi jirgin ya lalace haka. Don Benito yana amsawa, jikinsa na ɓari. Aska ta karce shi, jini ya fito, Babo ya shiga ba da haƙuri yana cewa ai ubangidan nasa ne ya motsa. Delano ya ga komai da idonsa. Har ya ɗarsu a ransa cewa wannan kamar hauni ne da wanda za a fille wa kai, amma nan take ya kori tunanin. Abin da ya zauna masa shi ne yadda baƙar fata suka dace da hidimar jikin manya, da yadda suke yin ta cikin fara'a.

Gaskiyar lamarin kuwa, tun makonni kafin wannan ranar bayin da ke cikin jirgin suka yi tawaye, suka kashe mai su da galibin Turawan, suka ce a mayar da su Senegal. Babo ne shugaba. Don Benito fursuna ne, an sa masa kayan ado ya tsaya kamar mai iko, takobin da ke rataye a ƙugunsa ma kube ne kawai, babu komai a ciki. Duk kalmar da ya faɗa wa Delano, Babo ne ya shirya ta, askar kuwa tunatarwa ce kada ya kuskura ya kauce.

Na zaɓi wannan labari ne don in yi bayanin wani abu game da nazarin adabin Amurka na ƙarni na 19 gaba ɗaya, domin ban san wani matani da ya tona asirin masu nazarinsa kamar wannan ba. Melville ya rubuta labarin mutumin da ke kallo amma ba ya gani, sai ga manyan malaman jami'a sun shafe shekaru suna karanta shi da idon wannan mutumin.

Kafin a kai nan, ya kamata a san cewa jerin littattafan da yau ake kira fitattun adabin Amurka ba da kansu suka fito ba, zaɓo su aka yi, kuma daga baya. Melville, wanda aka haifa a New York a 1819, ya yi suna da littattafansa na farko kan tsibiran tekun Pasifik, amma Moby-Dick na 1851 bai karɓu ba. Kwafi dubu uku da 'yan kai kawai aka sayar har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi shekara 19 yana aikin kwastan a tashar jiragen ruwan New York, ya rasu a 1891 an kusa mancewa da shi. Littafin da Amurka ta yi rububinsa a wancan zamanin shi ne Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe, wanda ya fito a 1852 aka sayar da kwafi kusan 300,000 a shekarar farko. Sai bayan yaƙin duniya na ɗaya aka tono Melville, musamman da Raymond Weaver ya wallafa tarihinsa a 1921. A 1941 kuma wani malamin jami'ar Harvard, F. O. Matthiessen, ya fitar da American Renaissance, inda ya ware mutum biyar, Emerson da Thoreau da Hawthorne da Melville da Whitman, ya ce ayyukansu na tsakanin 1850 da 1855 su ne ƙololuwar adabin ƙasar. Duka biyar ɗin maza ne farare daga arewa maso gabas. Stowe ba ta samu shiga ba, haka Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1845. Wannan littafi na Matthiessen shi ya zama manhajar jami'o'i na tsawon shekaru.

Jigogin da aka riƙa koyarwa a lokacin manya ne, kuma ba ƙarya ba ne suna cikin littattafan: gwagwarmayar alheri da sharri, nauyin zunubi a zukatan jikokin masu tsattsauran addini na New England (yankin arewa maso gabashin Amurka), mutum ɗaya tilo da ya bar gari ya fuskanci daji ko teku, da kuma Ba'amurke a matsayin sabon Adamu marar tabo, wanda tsufan Turai bai ɓata ba. R. W. B. Lewis ya yi littafi sukutum kan wannan jigo na ƙarshe a 1955. Salon nazarin da ke tashe kuma yana cewa a dubi matani shi kaɗai, a bar tarihi da siyasa a waje. Da aka auna Benito Cereno da wannan ma'auni, sakamakon ya fito a sauƙaƙe. Delano shi ne sabuwar duniya mai farar zuciya, kuma tun da mugu ne ya san makwantar mugu, ba laifinsa ba ne da bai gane ba. Don Benito shi ne tsohuwar Turai mai ruɓewa. Babo kuwa shi ne sharri tsagwaronsa, marar dalili, ɗan'uwan Iago, makirin nan na wasan Othello na Shakespeare. A 1947 wata manazarciya, Rosalie Feltenstein, ta rubuta ƙarara cewa ba bauta ce maganar labarin ba, sharri ne a aikace. Wato mutum ya karanta labarin jirgi cike da mutanen da aka sato daga ƙasarsu, waɗanda abin da suke nema kawai a kai su gida, ya ce ba bauta ake magana ba.

Matthiessen shi kam ya ɗan ji ƙaiƙayin abin. Ya lura cewa waɗannan mutane bayi ne, su aka fara zalunta. Amma sai ya ɗora laifin a kan Melville, ya ce marubucin ne bai yi lissafi da wannan ba, shi ya sa labarin bai yi zurfi ba. A tsakiyar shekarun 1950 Sidney Kaplan ya matsa gaba a mujallar tarihin baƙaƙen Amurka, ya ce labarin yana ƙarfafa tunanin masu bayi ne. Dukkansu sun ɗauka abin da Delano ke tunani shi Melville ke tunani.

A nan ne ya kamata a dakata a dubi zubi da tsarin labarin, domin a cikinsa tarkon yake. Mai ba da labarin ba Delano ba ne, yana kiransa "shi", amma ya liƙe a kafaɗarsa, ba ya nuna mana komai sai abin da Delano ya gani, ba ya fassara mana komai sai yadda Delano ya fassara. Muryar mai labari da tunanin tauraro suna shiga juna har a kasa raba su. Idan aka ce Delano yana son baƙar fata kamar yadda wasu ke son manyan karnuka masu biyayya, mai karatu marar lura zai ɗauka yabo ne. Tun a shafukan farko kuwa Melville ya ɗan ja kunne: ya ce Delano mutum ne da ba ya zargin kowa, sannan ya ce ko hakan na nuna kaifin basira, ya bar wa masu hikima su yanke. Jimlolinsa cike suke da kore kan kore, irin su "ba a ce bai yiwu ba", da "kamar" da "wataƙila", tamkar hazon da ya rufe tekun da safiyar da aka hango jirgin.

Alamu kuwa ba su yi ƙaranci ba. Delano yana hawa jirgin ya tarar da dattawa huɗu suna tsifar tsofaffin igiyoyi a wuraren da suke hangen kowa, da wasu ƙarti shida 'yan Asante suna goge tsatsar gatura, jefi-jefi su kaɗa su da juna. Wani yaro baƙi ya sari yaro Bature da wuƙa a ka, Don Benito ya ce wasan yara ne kawai. Wani ƙato mai suna Atufal, wanda aka ce sarki ne a ƙasarsa, yana zuwa duk bayan awa biyu cikin sarƙa don ya roƙi gafara, ya ƙi, a sallame shi. Mabuɗin kwaɗon na rataye a wuyan Don Benito, alhali sarƙar ta bogi ce, da ya girgiza za ta zube. Wani tsohon matuƙi Basifane ya ƙulla igiya ƙulli kan ƙulli ya jefa wa Delano, ya raɗa masa da gurɓataccen Turanci ya kwance ta ko ya yanke da sauri. Delano ya tsaya riƙe da ƙullin har wani dattijo baƙi ya zo ya karɓe ya jefa a ruwa.

Ba wai bai yi zargi ba. Ya yi, wuni guda yana yi. Amma kullum zarginsa kan Don Benito yake sauka: ko ɗan fashin teku ne, ko mahaukaci, ko ɗan damfara. Ko da ya tambayi kansa ko baƙaƙen na da hannu, sai ya amsa wa kansa cewa ba su da wayon hakan, kuma wane Bature ne zai haɗa kai da su a kan 'yan'uwansa. Wannan ita ce mahaɗar labarin. Delano ba makaho ba ne kuma ba mugu ba ne; ya kawo musu kifi da ruwa da kabewa, ya raba ruwan daidai ba tare da fifita fari ba. Abin da ya hana shi gani wani ra'ayi ne guda da ya sha tun yarinta, cewa baƙin mutum ba zai iya tsara abu irin wannan ba. Babo ya san da haka, kuma a kansa ya gina shirinsa. Ya san irin bawan da Bature ke son gani, mai durƙuso da murmushi da rawar jiki, sai ya ba shi wannan bawan. Har Delano ya taya shi a kan tsabar zinariya hamsin. Kallon kitse ya yi wa rogo daga safe har yamma, kuma wannan kallon ne ya tsirar da ransa, domin da ya nuna ya gane da an kashe shi nan take.

Karatuna na farko, ni ma Don Benito na riƙa zargi har kusan ƙarshe. Ni da nake baƙi, ɗan Afirka ta Yamma, ban ga Babo ba. Wannan ya daɗe yana damuna, kuma shi ya sa na daina ɗaukar labarin a matsayin maganar Turawa kawai. Duk wanda ya saba a yi masa hidima yana iya daina ganin mai yi masa hidimar. Ƙasarmu ma ta san bauta, ta san rinji da murgu da cucanawa, kuma sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Mai karatu Bahaushe zai so ya tsaya kusa da Babo, amma labarin yana zaunar da shi ne a kujerar Delano, kamar kowa.

Waɗanda suka fara karanta shi daidai ba daga manyan kujerun jami'a suka fito ba. A 1952 Ralph Ellison ya buɗe littafinsa Invisible Man, labarin baƙin da mutane suka ƙi gani, da layi daga ƙarshen Benito Cereno, inda Delano ke tambayar Don Benito: ai ka tsira, me ya jefa maka wannan inuwa haka? Amsar Don Benito a cikin labarin gajeruwa ce, baƙin mutum. Ellison ya gane cewa tambayar kanta ita ce cutar. A 1953 C. L. R. James, ɗan Trinidad wanda ya riga ya rubuta tarihin juyin juya halin Haiti, ya wallafa littafi kan Melville da ya rubuta yana tsare a tsibirin Ellis ana shirin korarsa daga Amurka. Bayan gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙe ta shekarun 1960, da ɗalibai da malamai baƙaƙe suka yawaita a ajujuwa, sai karatun ya juya. Carolyn Karcher a 1980 da Eric Sundquist a 1993 sun mayar da labarin cikin tarihinsa. Toni Morrison kuma, a littafinta Playing in the Dark na 1992, ta faɗaɗa maganar ta game adabin ƙarnin baki ɗaya: ta ce wannan 'yanci da kaɗaici da marubuta farare ke ta waƙe, ba a iya fahimtarsa sai an tuna akwai miliyoyin mutane marasa 'yanci a gefensu, waɗanda da su ake auna shi. Ko Huckleberry Finn na Mark Twain bai san daɗin 'yancinsa a kan kogin Mississippi ba sai da bawa Jim a kusa da shi. Matani bai canja ba ko da wasali ɗaya. Masu zama a ɗakin karatun ne suka canja.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa tana nan tun 1928, lokacin da Harold Scudder ya nuna cewa Melville bai ƙagi labarin ba. Amasa Delano mutum ne na gaske, mai farautar dabbobin teku don fatunsu, dangin nesa na shugaba Franklin Delano Roosevelt, kuma a littafin tafiye-tafiyensa na 1817 ya ba da labarin yadda a Fabrairun 1805 ya gamu da jirgin Tryal a tsibirin Santa Maria na gaɓar Chile, har ya haɗa da takardun kotu. Idan aka jera littattafan biyu, sai a ga hannun Melville a fili. Ya mayar da shekarar 1799, tsakiyar tawayen bayin da ya fara a 1791 a yankin Faransa na Saint-Domingue, wanda ya zama ƙasar Haiti a 1804. Ya canja sunan jirgin zuwa San Dominick don kada a rasa ishara. Bayi 72 na ainihi ya mayar da su 160. A tarihi Babo ne jagora amma ɗansa Mori ne ya liƙe wa kyaftin, Melville ya haɗe su mutum guda. Fagen aski nasa ne. Nasa ne kuma ƙwarangwal ɗin Alexandro Aranda, mai bayin, da aka kafa a goshin jirgin a madadin gunkin Christopher Columbus, aka lulluɓe da tamfol, a ƙasa aka rubuta da alli: ku bi shugabanku. Babo ya riƙa kawo Sifaniyawan ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu ko daga farin ƙashin nan ba su ga na Bature ba ne. Marubucin da ya sa wannan tambaya a bakin bawa, ba za a ce bai yi lissafi da launin fata ba.

Sannan akwai gidan Melville kansa. Surukinsa, Lemuel Shaw, shi ne babban alƙalin Massachusetts. Shaw ba ya son bauta, a 1836 ma ya yanke hukuncin da ya 'yanta wata yarinya da aka shigo da ita jihar. Amma bayan dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850, da aka kama wani matashi Thomas Sims a Boston a 1851, Shaw ya ƙi sakinsa. An kewaye kotun da sarƙa don hana jama'a ƙwato shi, har alƙalin da kansa sai da ya sunkuya ƙarƙashinta kafin ya shiga. Aka mayar da Sims Georgia aka yi masa bulala a bainar jama'a. Melville ya ci abinci a teburin wannan mutum, ya san irin ɗan Arewan Amurka mai kirki, mai tausayin bawa a baki, wanda idan ta yi tsami shi ne zai mayar da shi ga ubangidansa. Haka Delano ya yi. Da gaskiya ta bayyana, wannan mai son baƙar fata ya tura mutanensa da makamai, ya kwaɗaita musu dukiyar da ke cikin jirgin, suka kashe wasu suka ɗaure sauran. Mataimakinsa da ya jagoranci harin, ihun da ya yi shi ne ku bi shugabanku. Shekara shida bayan fitowar labarin yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin bayi sun kusa miliyan huɗu a ƙasar.

Akwai abu ɗaya da Melville ya cire wanda ni ya fi tsaya min a rai. A takardun kotu na ainihi an ce da aka rubuta yarjejeniya tsakanin kyaftin da masu tawaye, cewa zai kai su Senegal su kuma su daina kisa, Babo da Atufal sun sa hannu da harshensu. Melville ya bar sa hannun, ya share maganar harshen. Masanin tarihi Greg Grandin, wanda ya bi sawun mutanen a ma'ajiyar takardu ta ƙasashe da dama ya wallafa The Empire of Necessity a 2014, ya kawo hujjojin cewa da yawansu Musulmi ne, rubutun kuma mai yiwuwa da baƙaƙen Larabci ne. An sauke su a gaɓar Kudancin Amurka ta gabas, aka kora su suka ratsa filayen Ajantina suka haura duwatsun Andes kafin a loda su a tashar Valparaiso ta Chile. Tawayen ya auku a ƙarshen Disamban 1804, wanda ya faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan. Shekarar ce kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Wanda ya san tarihin Bahia ta Brazil, inda Hausawa suka kasance a sahun gaba a yunƙurin 1807 da tawayen 1814, kuma inda aka yi babban tawayen Musulmi cikin Ramadan na 1835 aka tsinci takardun Larabci a jikin mamata, ba zai yi mamaki ba. Ke nan mutanen da Delano ya ga ba su da wayon ƙulla makirci, cikinsu akwai masu riƙe alƙalami. Adabin Amurka na ƙarnin nan ma yana da nasa rubutun Larabcin: Umar ibn Said, ɗan Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1831 yana bawa a North Carolina, ya buɗe da Suratul Mulk. Sai a 'yan shekarun nan ya fara shiga manhajar wasu jami'o'in.

Duk da haka ba na tare da waɗanda suka wuce gona da iri suka mai da Melville gwarzon yaƙi da bauta, Babo kuma waliyyi. Labarin bai yarda da haka ba. Masu tawayen sun jefa mutane a teku da ransu a ɗaure, kuma matan da Delano ya gani suna shayar da jarirai ya ce ga tausayin halitta tsantsa, takardar kotu ta ce sun so a azabtar da Sifaniyawan kafin a kashe su. Melville bai ɓoye wannan ba, bai kuma nemi afuwa dominsa ba. Douglass, a ɗan labarinsa na 1853 kan tawayen bayi a jirgin Amurka mai suna Creole, ya ba jarumin nasa baki ya yi jawabi kan 'yanci, ya kuma tsabtace hannunsa gwargwadon iko don farare su tausaya. Melville bai yi hakan ba. Abin da ya nuna shi ne bauta kan haifi irinta: da bayi suka karɓi jirgin, kayan aikin da suka tarar su ne tsoro da sarƙa da tilasta wa mutum murmushi, su suka yi amfani da su. Don Benito ya ɗanɗani rayuwar bawa na 'yan makonni bai ƙara zama mutum ba.

Ƙorafin da har yanzu nake ganin yana da nauyi shi ne na shiru. Ba mu taɓa shiga zuciyar Babo ba ko sau ɗaya. Kashi na ƙarshe na labarin bayanin rantsuwa ne na Don Benito a gaban kotun Lima, babban birnin Peru, da harshen shari'a mai sanyi, inda ake lissafa mutane da suna da shekaru kamar kaya, kuma ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu dalilinsa ba. Wasu manazarta na cewa wannan gazawar marubuci fari ne da ya kasa shiga ran baƙi. Wasu na cewa da gangan ne, don a ga yadda takardun hukuma ke haɗiye muryar wanda aka zalunta. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda yadda Melville ya sa shirun ya zama zaɓin Babo. Tun da aka kama shi bai ƙara furta kalma ba, kuma an kasa tilasta masa. Yanayinsa kamar yana cewa tun da ba zan iya aikatawa ba, ba zan yi magana ba. Amma ban manta cewa Melville ne ya goge maganar rubutu da harshensu ba, kuma na kasa yafe masa wannan gaba ɗaya.

A tarihi, an kashe Babo a wurin ƙwace jirgin, Mori da wasu 'yan'uwansa aka yanke musu hukuncin kisa a garin Concepcion na Chile, Delano da kyaftin ɗin Sifaniya kuma suka shiga rigimar ladan ceto. A labarin Melville, an ja Babo a wutsiyar alfadari zuwa wurin kisa, aka ƙone gangar jikinsa, aka tsire kansa a kan sanda a dandalin Lima. Don Benito ya ƙi kallonsa ko a kotu, da alƙalai suka matsa masa sai ya suma. Kan ya yi kwanaki a wurin yana kallon fararen da ke kallonsa ido cikin ido, yana fuskantar cocin da aka binne ƙasusuwan Aranda, da kuma can hayin kogi gidan masu zuhudu inda Don Benito ya mutu bayan wata uku.